Shafukan Da Tuva Ba Ta Rufe Ba

Skarvika, 9 ga Fabrairu

Zuwa ga maigidana Eivind,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutum takwas ɗin da kuke tare a tashar auna yanayi. Ni lafiya lau, sai 'yar mura da na kwaso a wurin aiki, ita ma ta fara sauka. Mamanka tana gaishe ka. Gwiwarta ta matsa mata a makon jiya, amma hakan bai hana ta hawa tsani ta kaɗe ƙanƙarar da ke kan rufin rumbu ba. Da na yi magana sai ta ce, "Tuva, ina hawa tsanin nan tun ba a haifi mijinki ba." Na riƙe mata tsanin.

Rana ta leƙo ta bayan dutse ran Talata, karo na farko bayan dogon duhun hunturu, minti goma sha biyu ta yi ta koma. A kantin tashar jirgin fito mun sayar da burodin rana, wanda ake gasawa don murnar dawowarta, har ya ƙare kafin jirgin ƙarfe biyu ya iso. Kifi ma ya shigo, an fara rataye shi a kan katako, garin duk ya ɗauki warin da ka ce kana kewa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kwamfutar gida. In na buɗe burauza sai fankarta ta kama gurnani, shafi ɗaya sai in je in haɗa kofi in dawo bai gama buɗewa ba. Na san abin da za ka ce, don haka na riga ka ƙirgawa. Shafuka ɗari da arba'in da uku ne a buɗe. Yawancinsu gajerun littattafan da nake karantawa ne tsakanin jirgi da jirgi, kowanne a babin da na tsaya. Ba zan rufe su ba. In na rufe shafi ji nake kamar na bar mutane a tsaye a tsakiyar magana na yi tafiyata. Akwai wata mata da na bari a bakin teku tun Nuwamba da wasiƙa a hannu, ba ta buɗe ba tukuna. Akwai kuma shafi ɗaya da ba na littafi ba ne, yana nan tun Oktoba, ban gama tunani a kansa ba.

Ka faɗa min wane burauza ne zai ɗauki wannan kayan bai yi nishi ba. Abu uku nake so. Kada talla ta faɗo min a tsakiyar wurin kuka, jiya ana jana'iza a littafi aka tallata min takalmin ƙanƙara. Ina son bayan rubutun ya zama launin tsohuwar takarda. Kuma kada ya ɓatar min da inda na tsaya.

Saura wata huɗu.

Taka,
Tuva

Tashar auna yanayi, 13 ga Fabrairu

Amarya,

Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau biyu. Lafiyata ƙalau. Sanyi ya kai goma sha tara ƙasa da sifili, iska daga arewa maso gabas. Muna sakin balan-balan ɗin awo sau biyu a rana kamar kullum. Shekaranjiya ɗaya ta kuɓuce min kafin in ɗaura mata na'ura, har yau ni ne abin dariya a teburin abinci. Ki riƙa shan abu mai zafi saboda murar. Tsanin kuma ki kai shi ɗakin kwalekwale ki kulle, ki ce wa Mama ni na ce.

Kwamfutar ba ta tsufa ba. Kowane shafi da ke buɗe yana cin rabonsa a ƙwaƙwalwarta, ke kuma kin tara mata baki ɗari da arba'in da uku. Ga burauza uku, na sa miki inda za ki sauke su a ƙasan wasiƙar.

Na ɗaya shi ne wanda muke da shi. Yana da sauri in ba a cika masa kaya ba. Kusan kowane shafi yana buɗuwa a kansa ba gardama, banki da wurin sayen tikitin jirgi duk sun saba da shi, kuma yana riƙe mana kalmomin sirri. Aibinsa ci, ga son sanin duk inda mutum ya je. In za ki zauna da shi, akwai inda ake sa shafukan da ba a taɓawa su yi barci, zai ɗan sami sauƙi.

Na biyu ba shi da ado. Yana tare talla da masu bin sawun mutum tun daga ƙofa, ba sai kin ƙara masa komai ba. Yana da wani maɓalli da ke share tarkacen shafi ya bar rubutu zalla, ki zaɓi girman harafi da launin takarda da kanki. Batir ya fi daɗewa a kansa. Nakasunsa shi ne wani lokaci shafukan cike takardun hukuma ba sa zama daidai a kansa, sai mutum ya koma na ɗaya.

Na uku na masu son gyare-gyare ne. Za ki iya mayar da shafuka gefe su jeru kamar littattafai a kanta, ki ɗaure su dami-dami, ki ba kowane dami suna da launi, ki yi 'yan rubuce-rubuce a gefe. Sai dai saitinsa ya fi na janaretonmu yawa. Na san ki, za ki yi kwana uku kina zaɓen launi.

Dukansu kyauta ne. Abin da ake biya da shi lokaci ne, ko batir, ko labarin kan mutum. Da ni ne ke, na biyu zan ɗauka.

Kafin ki koma ko'ina, ki shiga saitin na ɗaya ki adana shafukan gaba ɗaya, sabon zai kwaso su daga can. In kin tashi kwashewa ki ɗan duba su ɗaya bayan ɗaya. Wani abin in ya daɗe a buɗe, ba a shiga ba, ba a rufe ba, gara mutum ya tsai da shawara tun lokaci bai tsayar masa ba.

Naki,
Eivind

Skarvika, 20 ga Fabrairu

Eivind,

Ina gaishe ka, ina fatan babu balan-balan ɗin da ta sake tsere maka. Murar ta tafi. Mama lafiya. Na kulle tsanin kamar yadda ka ce, washegari na tarar da ita a kan rufin da tsanin maƙwabta.

Na gwada dukansu, kuma na raɗa musu suna, don lamba ba ta zama a kaina. Na ɗaya shi ne Attajiri. A kowane littafi akwai shi, kyakkyawa ne, yana buɗe wa mace kowace ƙofa, amma in ta dawo daga kanti sai ya tambaye ta wa da wa ta gaisa da su. Na biyu Malamin Makaranta, rigar ulu ɗaya gare shi, ba ya magana sai an tambaye shi, kuma shi yarinyar take aura a babi na ƙarshe bayan ta gama ɓata mana lokaci. Maɓallin nan nasa na karatu ya yi min daɗi ƙwarai. Na karanta babi uku a kan takarda mai ruwan madara, ba wanda ya tallata min komai. Na uku Tela. Kwana biyu na yi a wurinsa, ba uku ba. Na ɗaure littattafan dami shida, na teku shuɗi, na gado da rigimar dangi ja, waɗanda na san ƙarshensu ba zai yi daɗi ba toka-toka. Ya yi kyau sosai, amma a kwana biyun nan ko layi ɗaya ban karanta ba.

Yanzu ga ainihin maganar. Zan faɗe ta yadda take.

Da na shiga saitin Attajiri don in adana shafukan, ƙasa kaɗan da inda ka kwatanta akwai wani layi da aka rubuta, shafukan da ke buɗe a sauran na'urori. Na taɓa shi. Sai ga kwamfutarka ta tashar, da sunanka a kai, da shafuka bakwai. Biyu taswirar iska ne. Ɗaya na wani famfo ne. Sauran huɗun ɗakunan haya ne a birnin Tromsø. Na buɗe su duka. Ciki ɗaya ne kowanne, gadon mutum ɗaya, ana shiga daga farkon Agusta.

Aikinka a tashar zai ƙare a Yuni. Na san babban ofishinku yana Tromsø. Ba mu taɓa maganar komawa can ba, kuma a ɗakunan nan babu inda mutum na biyu zai rataye rigar ruwansa.

Ba bincikenka na je yi ba, kai ka aike ni wurin. Ban gaya wa Mama ba. Na yi ta ƙoƙarin samo wa abin wata fassara, na ce ko wani abokin aikinka ne ya ari kwamfutar, amma ka sha gaya min ba ka ba kowa aronta. Ka rubuto min wa ake nema wa ɗakin. In kai ne, ka faɗa min a fili, a layi na farko, kada ka fara da labarin iska.

Tuva

Skarvika, 3 ga Maris

Eivind,

Ina fatan kana lafiya. Ni ina nan, ina cin abinci, ina zuwa aiki. Mama lafiya, har ma ta fi ni kwanciyar hankali. Na ce mata kwana goma sha ɗaya da aika wasiƙata ban ji daga gare ka ba, ta ce, "Ai haka can ɗin yake," ta ci gaba da fere dankali.

Na koma layin nan na sauran na'urori. Kwamfutarka tana nan da shafuka bakwai ɗin, amma an rubuta rabon da a gan ta tun ranar sha tara ga wata. Na ɗauka ka kashe abin ne da ka gane ina gani.

Na sake karanta wasiƙarka ta ƙarshe, musamman inda ka ce abin da ya daɗe a buɗe gara a tsai da shawara a kansa. A karatun farko na zaci da littattafaina kake. Yanzu ban sani ba. Na san za ka ce karatun littattafan nan ne ya sa nake ganin labari a ko'ina. Wataƙila. A littafi, in miji ya yi shiru kwana goma sha ɗaya, babi na gaba lauya ne ke ƙwanƙwasa ƙofa. Jiya mai kawo wasiƙu ya ƙwanƙwasa, na daɗe a tsaye kafin in buɗe. Irin shuka ne da Mama ta yi oda.

Ban karanta komai ba tun ranar. Na koma kan Attajiri, duk da nishinsa, don shi kaɗai ne ke nuna min ko ka dawo.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Tuva

Tashar auna yanayi, 6 ga Maris

Tuva,

Ɗakin naki ne, ba nawa ba. Ga shi a layi na farko.

Yanzu gaisuwa. Lafiyata lau, kowa ma lafiya. Ranar sha tara guguwa ta karya mariƙin faifan da muke samun intanet da shi. Kwana goma sha biyar muka yi da layin aiki kawai, wanda ake aika awo ta kansa. Ofis ya sanar da dangin kowa, amma a takardata sunan Mama ne a gurbin na kusa, tun kafin aurenmu na cike ta ban sake waiwayarta ba. Ina jin ta zaci ke ma an gaya miki. Yau da safe aka gyara, wasiƙunki biyu suka faɗo tare. Na karanta ta biyun a tsaye da takalmin waje a ƙafata.

Dole in gaya miki wani abu da ba zai yi miki daɗi ba. Kwamfutar gida da tawa suna kan asusu ɗaya tun ranar da na saita su. Abin da kika gani daga ɓangarenki, ni ma ina ganinsa daga nawa. A Disamba na faɗa kan layin nan ina neman wata taswira, sai ga shafukanki a jere. Ya kamata in gaya miki a ranar. Ban faɗa ba. Duhu ne a nan safe da rana, kuma in na buɗe na ga kin matsa daga babi na huɗu zuwa na biyar sai in ji kamar na ji motsinki a ɗaki na kusa. Har na fara karanta na matar mai gadin fitilar teku, ina bin ki a baya da babi ɗaya.

A cikin jerin akwai shafin da ba ya motsi. Na karatun aikin ɗakin karatu ne, shekara uku, a Tromsø. Kullum yana nan, a gefen hagu. Wani lokaci yakan koma wurin da ake cike takardar nema, kwana biyu kuma sai ya dawo shafin farko. Ana rufe karɓar takardu ran sha biyar ga Afrilu. Na jira ki ambata a wasiƙa, ba ki ambata ba. Sai na ce bari in duba ɗakuna, don in kin yi maganar kika ce ba zai yiwu ba, in ce miki ga huɗu, biyu suna kusa da makarantar, ɗaya yana da ɗumi a ƙarƙashin daɓe. Maganar da na yi a ƙarshen waccan wasiƙar da wannan shafin nake. Na zaci na iya zagaye. Ashe ban iya ba.

Babu lauya. Famfon kuma na ɗakin wankanmu ne.

Naki,
Eivind

Skarvika, 10 ga Maris

Eivind,

Na ji daɗi da kana lafiya, kuma na gode wa Allah da faifai ne ya karye. Mama ta ce in ba ka haƙuri in ba kaina, ta zaci ofis ya kira ni. Ka gyara takardar nan yau, ba gobe ba.

Ranar da wasiƙarka ta zo na zauna a kan matakala na yi kuka, sannan na ci burodi huɗu da cuku. Bayan na ƙoshi ne fushin ya zo, kuma har yanzu yana nan.

Wata uku kana kallo. Ka ga lokacin da na nemi maganin ƙurajen baya. Ka ga rigar da na duba sau goma ban saya ba. Waɗannan ma da sauƙi. Shafin nan kuwa nawa ne ni kaɗai. Wurin da nake zuwa ne in tsaya in ga wata Tuva tana jera littattafai a kanta, tana ba yara katin aro, sannan in dawo in wanke kofuna. Ban shirya nuna wa kowa ba, ka shigo ka auna ɗakin, har ka zaɓar mata daɓe mai ɗumi.

Ya kamata in gane tun da na ga sunan garin. Idan ina ganin naka, ai kai ma kana ganin nawa. Ban gane ba, don ya fi min sauƙi in yarda za a bar ni a kan in yarda an san abin da nake ɓoyewa. Wannan laifina ne, ko na littattafan, ka zaɓa.

Tunda ka gani, bari in faɗi dalilin shirun. Bazara uku ka yi kana gyaran gidan babanka. Ka cire kowane katako na daɓen nan ka goge shi ka mayar. Ka yi min kanta a ƙarƙashin taga daidai tsawon littattafaina. Wannan aikin na wata shida ma don rufin ka karɓe shi. Da wane baki zan ce maka ina so in tafi in zauna a ciki ɗaya shekara uku? Ga Mama da gwiwarta. Duk lokacin da na fara cike takardar sai in ɗaga kai in ga kantar.

Ban ce zan nema ba. Ban ce ba zan nema ba. Kada ka sake turo min ɗaki.

Tuva

Tashar auna yanayi, 14 ga Maris

Tuva,

Ina lafiya. Rana tana daɗewa yanzu, har mun sha kofi a waje jiya, minti biyar. An gyara takardar, sunanki ne a kai.

Kina da gaskiya. Na fitar da kwamfutata daga asusun ranar da wasiƙarki ta zo, na rufe shafukan ɗakunan. In kin duba za ki ga babu ni a layin. Ki yi haƙuri. Na ga abu, maimakon in tambaye ki sai na kama lissafi, don shi na iya.

Abu ɗaya zan faɗa a kan gidan, daga nan na yi shiru. Ban goge katakon nan don ya riƙe ki ba. Gidan ya yi shekara tamanin a wurin, ya ga mutane sun tafi kamun kifi sun dawo, zai iya jiran shekara uku. Mama kuma ki tambaye ta da kanki, kada ki amsa a madadinta, kin ga yadda abin ya yi min da na gwada a kanki.

Kin san ranar da ake rufewa, ba zan sake ambatarta ba.

Na tsaya a babi na tara na matar mai fitila. Ban ci gaba ba, don ban san ko kin wuce ni ba, kuma ba daɗi in riga ki.

Naki,
Eivind

Skarvika, 12 ga Afrilu

Zuwa ga maigidana Eivind,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san na bar ka wata guda da gajerun saƙonni na ina lafiya, ina lafiya. Da gangan ne, kuma na ga ka cika alkawari ba ka tambaya ba. Lafiyata lau. Ƙanƙara ta fara narkewa a bakin hanya, kifin da aka rataye ya fara bushewa. Gwiwar Mama da sauƙi.

Na yi mata maganar ranar hutun Ista, muna cin lemo a bakin ƙofa. Na daɗe ina kewaye-kewaye. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Yarinyar nan, da injin buga takardata kika buga jadawalin karatun a watan Oktoba, kika manta shafi na biyu a ciki. Yana cikin aljihun teburina." Na ce to gwiwar fa? Ta ce, "Gwiwata ce ko taki?" Na ce Eivind ya sha wahala a kan gidan. Ta ce, "Eivind yana son goge katako tun yana ɗan shekara shida, ba don ke ya fara ba." Ashe a gidan nan ni kaɗai ce na zaci ina da sirri.

Ga hukuncin da na yanke a kan masu neman aurena uku. Tela na sallame shi, da godiya, ya iya ɗinki amma ba ya barin mutum ya fita daga shagon. Malamin Makaranta shi na riƙe, da shi nake karatu yanzu, fanka ta daina gurnani, batir yana kai ni har jirgin yamma. Ban sa shi a kan kowane asusu ba, kuma ba zan sa ba. Abin da nake so ka sani zan rubuto maka da hannuna. Attajiri ban kore shi ba, na bar shi saboda banki da tikiti. Kuma ka yi gaskiya a kan shafukan hukuma. Jiya Malamin ya ƙi nuna min maɓallin ƙarshe na takardar nema, sai da na koma wurin Attajiri na danna shi a can.

Na aika, Eivind. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, jirgi yana shigowa, har wani direba yana buga min kanta yana neman kofi. Sai Yuli za su ba da amsa, kuma suna iya cewa a'a. In sun ce e, ni zan nemi ɗakin. Huɗun nan naka duk bango suke kallo.

Littattafan na adana su duka a jere, kowanne da lambar babinsa a gaban sunansa, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe. Ya ɗauke ni yini guda. Ba wanda ya yi ƙorafi, har matar da na bari a bakin teku. Na mai fitila kuwa ni ma a babi na tara nake, ban taɓa shi ba tun Fabrairu. Ka bar shi a nan, in ka dawo a Yuni ka karanta min na goma a bakin tagar.

Na makarantar shi na rufe a ƙarshe. Yanzu shafi ɗaya ne a buɗe, wannan da nake rubuto maka a ciki.

Taka,
Tuva